Kamamoto Kunishige da Lambar Tagullar 1968

A cikin dukan maza da suka taɓa sanya rigar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Japan, babu wanda ya kai Kamamoto Kunishige yawan zura ƙwallo a raga. Bisa lissafin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasarsa, ya buga manyan wasanni 76, ya ci ƙwallo 75. Wanda ke bi masa, Miura Kazuyoshi, a 55 ya tsaya. Kamamoto ne kuma ya fi kowa cin ƙwallo a wasannin Olamfik na 1968 a Meziko, inda Japan ta zama ƙasar Asiya ta farko da ta karɓi lambar yabo a wannan fanni. Duk da haka bai taɓa taka filin gasar Kofin Duniya ba, bai taɓa buga wa wata ƙungiya ta ƙasar waje wasan gasa ba, kuma har ya ajiye takalmansa sunansa na cikin jerin ma'aikatan wani kamfanin ƙera injuna a Osaka.

Tarihinsa na da alaƙa da tarihin ƙasarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yana nuna yadda ƙasar da ba a lissafa ta a fagen tamaula ta kai kanta matsayi na uku a Olamfik cikin shekara takwas, da kuma dalilin da ya sa ta sake jiran shekara talatin kafin ta halarci Kofin Duniya. A al'adar Japanawa sunan iyali ne ke zuwa da farko, saboda haka Kamamoto sunan gidansu ne, Kunishige kuwa sunansa na yanka.

Ƙwallon ƙafa a Japan bayan yaƙi

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Japan a 1921, ta shiga FIFA a 1929. Abin alfahari mafi girma da take da shi kafin yaƙi shi ne wasan Olamfik na Balin a 1936, inda ɗaliban jami'a da suka wakilci ƙasar suka doke Suwidin da ci 3 da 2 bayan an fara jefa musu ƙwallo biyu. Yaƙi ya katse wannan tafiya. Wasu daga cikin ƴan wasan sun mutu a fagen daga, birane sun ƙone, aka kuma cire Japan daga FIFA. Sai a 1950 aka mayar da ita.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. A wasannin share fagen Kofin Duniya na 1954, Koriya ta Kudu ta lallasa Japan 5 da 1 a Tokiyo, sannan suka yi kunnen doki 2 da 2. A Olamfik na Melbon a 1956 Ostireliya ta fitar da ita a wasan farko da ci 2 da nema. Na Rum a 1960 ko gurbi ba ta samu ba. A wannan zamani hankalin jama'a yana kan wasan besbol, wanda ya shigo daga Amurka tun ƙarni na 19, da kuma kokawar gargajiya ta sumo. Besbol na da ƙwararrun ƴan wasa masu karɓar albashi, yana da jaridu da rediyo da talbijin a bayansa. Ƙwallon ƙafa kuwa wasan makarantu ne da jami'o'i, ana yin sa a filayen turɓaya, kuma manyan gasanninsa na ƙasa na sili-ɗaya-ƙwale ne, wanda aka ci ya koma gida ya jira baɗi.

A 1959 aka bai wa Tokiyo izinin karɓar baƙuncin Olamfik na 1964. Ga Japanawa wannan dama ce ta nuna wa duniya cewa ƙasar ta farfaɗo daga kangon yaƙi. Ga hukumar ƙwallo kuwa abin fargaba ne, domin mai masaukin baƙi dole ya buga, kuma babu alamar ƙungiyar za ta tsira daga kunya a gaban jama'arta. Shugaban hukumar, Nozu Yuzuru, ya nemi taimakon Jamus ta Yamma, ita kuma ta turo wani matashin mai horarwa, Dettmar Cramer, a 1960. Cramer ya zauna a masauki ɗaya da ƴan wasa, yana cin abin da suke ci, ya kuma mayar da manyan ƴan wasan ƙasa zuwa darasin farko: yadda ake tsayar da ƙwallo, yadda ake miƙa ta da cikin ƙafa, yadda ake sa mata kai. Har yau Japanawa na kiransa uban ƙwallon ƙafarsu.

Yaron Kiyoto

An haifi Kamamoto ranar 15 ga Afrilu 1944 a Kiyoto, tsohuwar fadar sarakunan Japan, wadda ba ta sha ruwan bama-bamai kamar Tokiyo da Osaka ba. Shekararsa ɗaya da ƴan watanni lokacin da yaƙi ya ƙare. Kamar sauran tsaransa, besbol ya fara so. Daga baya ya sha faɗa cewa wani malaminsa na firamare ne ya karkato da shi, da ya nuna masa cewa besbol iyakarsa Japan da Amurka, ƙwallon ƙafa kuwa ana buga ta a ko'ina, kuma wanda ya iya ta zai ga duniya. A ƙasar da fita waje ke da wuya ƙwarai ga talaka a wancan lokaci, wannan magana ta yi tasiri a zuciyar yaro.

Ya yi sakandare a makarantar Yamashiro da ke Kiyoto, ya shiga Jami'ar Waseda a Tokiyo a 1963. Shekara huɗu a jere yana fin kowa cin ƙwallo a gasar jami'o'in yankin. Waseda ta ɗauki Kofin Sarki, wanda shi ne babban kofin ƙasar, a kakar 1963 da ta 1966, kuma tun daga wannan na biyun babu wata jami'a da ta sake ɗaukarsa. Tsawonsa ya kai santimita 179, abin da ya sa ya yi fice a tsakanin ƴan wasan Japan na zamaninsa. Yana da faɗin ƙirji da ƙarfin cinya, yana kuma da bugu mai nauyi da ƙafar dama, musamman idan ya shigo ta kusurwar dama ta da'irar mai tsaron gida. Da abokan hamayya suka gane wannan wuri suka fara toshe shi, sai ya duƙufa a kan ƙafar hagu da kai har suka zama makamai su ma.

Ya fara buga wa ƙasarsa a Maris 1964, yana gab da cika shekara ashirin, kuma a watan Oktoba yana cikin ƙungiyar da ta shiga Olamfik ƙarƙashin Naganuma Ken, mutumin Hiroshima wanda ya tsira daga bam ɗin nukiliya na 1945, da mataimakinsa Okano Shun'ichiro. A wasan farko Japan ta ba duniya mamaki da ta doke Ajantina 3 da 2. A na biyu Ghana, wadda ke riƙe da kofin Afirka a lokacin, ta doke ta da irin wannan ci. A zagayen ƙasashe takwas Cekoslobakiya ta sallame ta da 4 da nema. Kamamoto ƙwallo ɗaya tak ya ci, ita ma a wasan tantance matsayi da Yugoslabiya ta yi musu 6 da 1. Tauraron Japan a wannan gasa shi ne Sugiyama Ryuichi, mai gudu ta gefen hagu. Bayan shekara huɗu sunayen mutanen biyu za su zama ba a ambaton ɗaya sai da ɗaya.

Gasar kamfanoni

Kafin Cramer ya koma gida ya bar wa hukumar shawarwari. Daga ciki akwai horar da masu horarwa, samar da filayen ciyawa, yawaita wasa da ƙasashen waje, da kuma kafa gasar lig ta ƙasa inda kowace ƙungiya za ta kara da kowace, gida da waje. A 1965 aka fara wannan gasa da ƙungiyoyi takwas. Dukansu na kamfanoni ne: Toyo Kogyo mai ƙera motocin Mazda a Hiroshima, Furukawa, Hitachi, Mitsubishi, kamfanin ƙarfe na Yawata, Yanmar, kamfanin injunan saƙa na Toyoda, da wani banki na Nagoya. Ƴan wasa ma'aikata ne. Da safe suna ofis ko masana'anta, da yamma suna fili, kuma albashinsu na aikin kamfani ne. Tsarin ya dace da ƙa'idar Olamfik ta lokacin, wadda ta haramta wa masu cin abinci da wasa shiga gasa, ya kuma dace da al'adar aikin Japan, inda mutum kan shiga kamfani da ƙuruciya ya zauna har ritaya.

Da Kamamoto ya gama jami'a a 1967, sai ya zaɓi Yanmar, kamfanin Osaka mai ƙera injunan dizal da na noma, alhali ƙungiyarsa na can ƙasan teburi. A shekarar ne kamfanin ya ɗauko Nelson Yoshimura, ɗan Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Birazil, wanda ya kawo salon sarrafa ƙwallo da ba a saba gani ba a filayen Japan. Yoshimura na shiryawa, Kamamoto na ƙarasawa. Cikin ɗan lokaci ƙungiyar ta tashi daga ƙasa ta koma sahun gaba, ta ɗauki Kofin Sarki na 1968.

A kakar 1967 aka yi wasannin neman gurbin Olamfik a Tokiyo. Ranar 27 ga Satumba Japan ta yi wa Filifin 15 da nema, Kamamoto ya ci shida. A ranar wasu sun ɗauki abin a matsayin cin zali ga mai rauni, amma ƙarshen gasa ya nuna amfaninsa. Japan da Koriya ta Kudu sun tashi 3 da 3, kowacce ta cinye sauran wasanninta huɗu, maki ya zo daidai, sai aka koma ga yawan ƙwallaye. Koriya biyar kawai ta jefa wa Filifin. Da wannan rata Japan ta samu tikitin Meziko.

A farkon 1968, da taimakon Cramer, Kamamoto ya tafi Jamus ta Yamma ya yi kimanin wata biyu yana atisaye da ƙungiyar Saarbrücken, yana kuma ɗaukar darasi a wurin Jupp Derwall, wanda daga baya ya jagoranci Jamus ta ɗauki kofin Turai na 1980. Abin da ya fi ƙaruwa da shi a can shi ne sauri tsakanin karɓar ƙwallo da buga ta. A gasar gida ɗan wasa mai ƙarfinsa na iya tsayar da ƙwallo, ya duba, ya gyara, sannan ya buga. A Jamus masu tsaron baya ba sa ba da wannan sarari. Ya dawo ya rage taku ɗaya daga cikin motsinsa, kuma wannan taku ɗaya ne ya raba Kamamoton 1964 da na 1968.

Kwana goma sha ɗaya a Meziko

An buɗe Olamfik na Meziko ranar 12 ga Oktoba 1968, kwana goma bayan sojoji sun buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a dandalin Tlatelolco. Babban birnin na bisa tudu mai tsawon kimanin mita 2,240, inda iska ba ta da kauri kuma numfashi kan yi wa baƙo wuya. Japan ta faɗa rukuni ɗaya da Birazil, Sifaniya da Nijeriya.

Wasanta na farko da Nijeriya ne, ranar 14 ga Oktoba a garin Puebla. Wannan shi ne karon farko da Nijeriya ta shiga ƙwallon Olamfik, kuma ta zo ne ana tsakiyar yaƙin basasa a gida, da ƙungiyar da akasarin ƴan wasanta daga kulob ɗin Stationery Stores na Legas suke. Kamamoto ya fara ci, Sam Garba Okoye na Jos ya farke kafin hutun rabin lokaci, sannan Kamamoto ya ƙara biyu a zagaye na biyu, aka tashi 3 da 1. Cewa Nijeriyar ba kanwar lasa ba ce ya bayyana a wasanta na ƙarshe, inda ta jefa wa Birazil uku kafin hutu, ko da yake daga bisani an tashi 3 da 3.

Japan ta yi 1 da 1 da Birazil, Watanabe Masashi ne ya farke ana gab da tashi, sannan ta yi canjaras babu ci da Sifaniya. Wannan ya sa ta zo ta biyu a rukuni, ta haɗu da Faransa, Sifaniya kuwa ta haɗu da masu masaukin baƙi suka fitar da ita. Japan ta doke Faransa 3 da 1, biyu daga ƙafar Kamamoto. A wasan kusa da na ƙarshe ta gamu da Hangari, mai riƙe da lambar zinare. Ƙasashen Gabashin Turai kan turo cikakkun ƙungiyoyinsu na ƙasa, domin a takarda ƴan wasansu sojoji ne ko ma'aikatan gwamnati, alhali Birazil da Sifaniya da Faransa matasa da masu wasan sha'awa suka turo. Hangari ta yi wa Japan 5 da nema, ta kuma je ta doke Bulgeriya ta sake ɗaukar zinare.

Ranar 24 ga Oktoba aka yi wasan neman matsayi na uku a filin Azteka, gaban ƴan kallo sama da dubu ɗari, kusan dukansu magoya bayan Meziko. Dabarar Naganuma a fili take: a ja da baya a tsare gida, idan an ƙwace ƙwallo a nemi Sugiyama a hagu, shi kuma ya nemi Kamamoto. Sau biyu hakan ta faru kafin hutu, sau biyu ƙwallo ta kwana a raga. Da aka dawo alƙalin wasa ya bai wa Meziko bugun fenareti, mai tsaron gida Yokoyama Kenzo ya tare. Haka aka tashi 2 da nema. Daga cikin ƙwallaye tara da Japan ta ci a gasar, bakwai na Kamamoto ne, kuma babu wani ɗan wasa na kowace ƙasa da ya kai wannan adadi. An kuma ba ƙungiyar kyautar wasa mai tsafta.

Wannan lissafi na bakwai cikin tara na ɗauke da ƙarfin ƙungiyar da rauninta a lokaci guda. Mutane kaɗan ne aka tara tun farkon shekarun 1960, aka yi ta horar da su tare, aka yi ta kai su Turai, har suka san motsin juna ko da ido rufe. Da yawa daga cikin ƴan Meziko su ne ƴan Tokiyo na 1964. Babu wani ayari na biyu da aka raina a bayansu, kuma duk tsarin wasan a kan kafaɗar mutum ɗaya ya rataya.

Ciwon hanta da shekarun fari

Bayan Meziko ƙungiyoyin Turai sun nuna sha'awarsu gare shi, kuma yana da shekara 24, daidai lokacin da ɗan wasan gaba ke kan ganiyarsa. Sai dai ƙaddara ta riga fata. A 1969 ciwon hanta ya kwantar da shi, ya yi watanni ba ya wasa, maganar Turai ta bi ruwa. A watan Oktoba na shekarar aka yi wasannin share fagen Kofin Duniya na 1970 a Seoul, tsakanin Japan, Koriya ta Kudu da Ostireliya. Gasar da ake neman gurbinta a Meziko za a yi ta, a filayen da ya sani. Japan ta buga wasa huɗu babu shi, ta yi kunnen doki biyu, aka ci ta biyu, ta zo ta ƙarshe.

Ya warke ya dawo, kuma a gida babu mai ja da shi. Sau bakwai yana zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a lig: 1968, 1970, 1971, 1974, 1975, 1976 da 1978. Yanmar ta ɗauki kofin lig a 1971, 1974, 1975 da 1980, ta ƙara Kofin Sarki a 1970 da 1974. Daga 1978 ya haɗa aiki biyu, yana horar da ƙungiyar yana kuma buga mata. Jimillar abin da ya ci a lig 202 ne cikin wasa 251, kuma har aka rufe wannan gasa a 1992 babu wanda ya kai ko rabinsa.

A fagen ƙasa da ƙasa kuwa labarin daban ne. Maleshiya ta doke Japan 3 da nema a 1971 a hanyar zuwa Olamfik na Munik. An rasa gurbin Kofin Duniya na 1974, an rasa na Olamfik na 1976, an rasa na Kofin Duniya na 1978. Abokan tafiyarsa na Meziko sun tsufa ɗaya bayan ɗaya, Sugiyama ya bar ƙungiyar ƙasa, kuma abokan hamayya sun gane cewa wanda ya sa mutum biyu a kan Kamamoto ya gama da Japan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƴan kallon da tagulla ta jawo zuwa filaye suka ragu, a daidai lokacin da ƙungiyar besbol ta Yomiuri Giants ke ɗaukar kofin ƙasa shekara tara a jere, daga 1965 zuwa 1973.

Tushen matsalar na cikin tsarin kamfanoni. Tsarin ya ba ɗan wasa kwanciyar hankali, domin ko ya yi rauni aikinsa na nan, kuma bayan wasa kujerarsa na jiransa a ofis. Amma bai ba shi dalilin sayar da ransa a fili ba, tunda ci da rashin ci ba sa canja albashi. Ƙungiyoyi na ɗauke da sunayen kamfanoni, ba su da gari, saboda haka mutumin da ba ma'aikacin Hitachi ko Furukawa ba bai ga abin da ya haɗa shi da su ba. Sauya ƙungiya kuma tamkar barin aiki ne, abin da al'ada ba ta so. Yaro mai hazaƙa da ke son ya ci abinci da guminsa na wasa, besbol zai nufa.

A 1977 Kamamoto ya yi bankwana da ƙungiyar ƙasa. A shekarar ne kuma Okudera Yasuhiko na Furukawa ya koma ƙungiyar Kolon ta Jamus, ya zama Bajapane na farko da ya buga a babbar gasar Turai a matsayin ƙwararre, har ya ɗauki kofin lig da na ƙalubale a kakarsa ta farko. Ƙofar da ciwo ya rufe wa Kamamoto shekara takwas da suka wuce, wani ne ya shige ta. A 1982 jijiyar agararsa ta tsinke, ya daɗe yana jinya, sannan ya ajiye takalma a 1984. An yi masa wasan bankwana ranar 25 ga Agusta a babban filin wasa na Tokiyo, inda Pele na Birazil da Wolfgang Overath na Jamus suka sanya riga suka buga tare da shi.

Bayan ajiye takalma

Sauyin da ƙwallon Japan ke buƙata ya zo ne a hannun mutanen zamaninsa. Kawabuchi Saburo, wanda ya ci ƙwallo a wasan Ajantina na 1964, shi ya jagoranci kafa gasar ƙwararru ta J.League, wadda aka buɗe ranar 15 ga Mayu 1993 da ƙungiyoyi goma. An buƙaci kowace ƙungiya ta zauna a gari, ta samu filin da ya dace, ta kuma raini yara. Naganuma da Okano kuwa kowannensu ya shugabanci hukumar ƙwallo, kuma a zamaninsu aka samo baƙuncin Kofin Duniya na 2002 tare da Koriya ta Kudu, aka kuma gudanar da shi.

Kamamoto ya karɓi horar da ƙungiyar kamfanin Matsushita a 1991, wadda ta rikiɗe ta zama Gamba Osaka. Tsohuwar ƙungiyarsa ta Yanmar ita ce ta zama Cerezo Osaka, babbar abokiyar hamayyar Gamba a gari ɗaya. Bai ji daɗin wannan aiki ba, domin ƙungiyar ba ta taka rawar gani ba, ya bar ta a ƙarshen 1994. A 1995 aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawa ƙarƙashin jam'iyyar LDP, ya yi wa'adi ɗaya na shekara shida. Daga 1998 zuwa 2008 ya riƙe mataimakin shugaban hukumar ƙwallo. A 2005 aka sanya shi cikin rukunin farko na waɗanda aka karrama a zauren tunawa da gwarazan ƙwallon Japan, tare da Cramer.

Sai a 1996 Japan ta sake shiga ƙwallon Olamfik, bayan shekara 28. Ta doke Birazil 1 da nema, amma Nijeriya ta yi mata 2 da nema a wasa na gaba, a kan hanyarta ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ɗauki zinaren ƙwallo. A 1998 Japan ta halarci Kofin Duniya karo na farko a Faransa, kuma tun daga nan ba ta sake rasa gurbi ba. Ƴan wasanta a yau na buga wa manyan ƙungiyoyi a Jamus, Ingila, Sifaniya da Italiya. Ƙungiyar mata ta ɗauki Kofin Duniya a 2011, ta samu azurfa a Olamfik na 2012.

Masu nazari kan yi saɓani wajen auna ƙwallayensa 75. Wasu na cewa da yawa daga ciki a ragar ƙananan ƙasashen Asiya suka faɗa, a zamanin da ake iya cin shida a wasa guda. Wasu kuma na nuni da cewa bakwai na Meziko a kan Nijeriya da Faransa da masu masaukin baƙi aka ci su, kuma mutumin da ya ci su safiyarsa a ofis yake yin ta, a filin turɓaya ya koyi wasa, sannan ciwo ya cinye masa shekarar da ta fi kowace muhimmanci. Dukan maganganun biyu na da gaskiya a cikinsu.

Sau biyu ƙungiyar maza ta sake kaiwa wasan neman tagulla. A Landan a 2012 Koriya ta Kudu ta doke ta 2 da nema. A Olamfik na Tokiyo da aka yi a 2021, abokiyar karawarta Meziko ce, wannan karon a ƙasar Japan, kuma baƙin ne suka yi nasara da ci 3 da 1, suka rama abin da aka yi musu a Azteka shekara 53 da suka gabata. Kamamoto ya rasu ranar 10 ga Agusta 2025 yana da shekara 81. Ya bar duniya ƙwallayensa 75 na nan a kan gaba, kuma tagullar 1968 ce kaɗai lambar Olamfik da mazan Japan suka taɓa samu a ƙwallon ƙafa.